Tambaya: da gaske ne daga furen tsakar gida ake yin allurar sankarar jini?

Gwaggon Mara Lafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu ilimin magunguna a wannan zaure su taimaka mini da bayani a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sukuni tun makon jiya. Ɗan ƙanena, yaro mai shekara shida, likitoci sun tabbatar yana da sankarar jini wata guda da ya wuce, bayan mun daɗe muna yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na shawara ba tare da an ga sauƙi ba. Yanzu yana kwance a asibiti, kuma cikin magungunan da ake ba shi akwai wata allura da ake sa masa ta jijiya sau ɗaya a mako, wadda na ga an rubuta sunanta vincristine a takardarsa. Duk ranar da aka yi masa ita sai ya kwana biyu yana kukan ciwon muƙamuƙi, bayan gida kuma ya ɗaure masa, ga ɗawainiyar kuɗi da ta kai mahaifinsa ga sayar da babur ɗinsa.

Ana cikin haka sai wani surukinmu ya turo bidiyo a zauren danginmu na WhatsApp, inda wani mutum yake riƙe da furen nan da ake shukawa a tsakar gida da harabar makarantu, mai ganye kore shar mai sheƙi, wanda furensa yake fitowa fari ko ruwan hoda da kunnuwa biyar, kuma ba ya jin zafin rani. Mutumin ya ce daga wannan tsiro Turawa suke yin allurar, don haka duk wanda ya dafa ganyen ya sha safe da yamma ya huta da asibiti. Kakar yaron har ta sa an tsinko ganyen an shanya a kan tabarma. Shin da gaske ne daga nan allurar ta fito? Idan da gaske ne, me zai hana mu ba shi jiƙon, ko da tare da maganin asibitin ne? Allah Ya saka da alheri.

Mai Haɗa Magunguna ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ba ku ikon ɗaukar wannan jarrabawa. Rabin maganar mai bidiyon gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Tsiron sunansa na kimiyya Catharanthus roseus, asalinsa daga tsibirin Madagaska yake, kuma daga ganyensa ne aka samo vincristine da ɗan'uwansa vinblastine. Amma kada ku ba yaron jiƙon nan, ko shi kaɗai ko tare da maganin asibiti. Zan faɗi dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin maganin kansa.

Mutanen Jamaika da na Filifin sun daɗe suna shan shayin ganyen saboda ciwon suga. A shekarar 1952 an aika da ganye 25 daga Jamaika cikin ambulan zuwa Kanada, suka isa hannun Robert Noble na Jami'ar Western Ontario, wanda ya so ya ga ko da gaske tsiron yana sauke sugan jini. Da ya ba dabbobin gwaji ta baki, bai ga wani abin kirki ba. Da ya tace ruwan ya yi wa ɓeraye allurarsa, sai suka riƙa mutuwa da cututtukan da lafiyayyen ɓera kan shanye cikin sauƙi, kuma da aka duba jininsu sai aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu sun zube ƙasa warwas, ɓargon da yake samar da su ya daina aiki. Abin da ya kashe ɓerayen nan shi ne ya buɗe ƙofar, domin sankarar jini ita ce hauhawar fararen ƙwayoyin jini marasa amfani ba tare da birki ba. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Charles Beer ya zo ya haɗu da Noble, suka yi shekaru suna rarrabe abin da ke cikin ganyen, har suka ware vinblastine a 1958. A daidai wannan lokaci masu bincike na kamfanin Eli Lilly a Amurka suna bin sawun tsiron ta tasu hanyar, su ne suka fito da vincristine, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963.

Waɗannan sinadarai biyu suna cikin dangin da ake kira alkaloyid, wato sinadarai masu ɗaci da ƙarfin aiki a jiki waɗanda tsirrai suke haɗawa, galibi don kare kansu daga ƙwari da dabbobi. Mun san danginsu ko da ba mu san sunan ba, domin abin da yake hana mai cin goro barci alkaloyid ne, haka wanda yake kama mai shan taba, haka kuma maganin kwinin da iyayenmu suka sha saboda zazzaɓi. Tsiron da kuke magana a kansa yana ɗauke da irinsu sama da 130, kuma vincristine yana cikin mafiya ƙaranci. Ana buƙatar busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a sami giram ɗaya na vinblastine, vincristine kuwa sai an tara kusan kilo 2,000, wato nauyin buhun siminti arba'in. Abin da ake ba yaro kamar naku a allura ɗaya bai wuce miligiram ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wanda idan aka lissafa zai ci busasshen ganye sama da kilo biyu. Ganyen da ke kan tabarmar kakarsa ba zai kai ko kusa ba, kuma ko da ya kai, hanji ba ya tsotse wannan sinadari yadda ya kamata, shi ya sa ba a yin sa a ƙwaya, sai dai a sa shi ta jijiya. Abin da yaron zai samu daga tukunya shi ne tarin sauran sinadaran da ba wanda ya auna su, waɗanda wasunsu suna taɓa bugun jini da sugan jini, kuma dukkansu hantarsa ce za ta yi fama da su alhali tana fama da maganin asibiti.

Yadda allurar take aiki kuwa shi ne, duk ƙwayar halittar da za ta rabu gida biyu sai ta fara saƙa wasu siraran zaruruwa a cikinta, waɗanda suke jan kayan gadonta zuwa ɓangarori biyu. Vincristine yana manne wa tubalin da ake gina zaruruwan da shi, sai saƙar ta tsaya, ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa har ta mutu. Tunda ƙwayoyin sankara sun fi yawancin ƙwayoyin jiki saurin rabuwa, su suka fi jin jiki. Sai dai jijiyoyin da suke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi su ma da irin waɗannan zaruruwa suke aiki, kuma daga nan ne ciwon muƙamuƙin da ɗaurewar cikin da kika ambata suka samo asali.

Akwai kuma abin da mai bidiyon bai faɗa ba, wato vincristine shi kaɗai ba ya warkar da sankarar jini. Yakan kwantar da ita na ɗan lokaci ta dawo. Nasarar ta zo ne lokacin da likitoci a Amurka, irin su Emil Frei da Emil Freireich, suka fara haɗa shi da wasu magunguna uku a farkon shekarun 1960, aka ci gaba da gyara tsarin shekara da shekaru. A wancan zamani yaran da suke tsira daga sankarar jinin da ta fi yawa a yara ba su kai 10 cikin 100 ba, yau kuwa a ƙasashe masu hali sun kai kusan 90 cikin 100.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Hajiya, sannu da jinya. Malam ya yi bayanin ilimin, ni zan ƙara abin da idona yake gani a ɗakin yara. Kwalbar wannan allura ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, a firiji muke ajiye ta, kuma kafin a ɗebo ta sai an auna nauyin yaro da tsawonsa an yi lissafi, sannan mutum biyu su duba takardar. Ina sa safar hannu, ina gwada jijiyar da ruwan gishiri tukuna don in tabbatar allurar tana cikinta daram, domin idan maganin ya tsiyaya ƙarƙashin fata yakan ƙone naman wurin ya bar gyambo mai wuyar warkewa. Idan kuwa aka yi kuskuren sa shi a cikin ruwan laka ta gadon baya, inda ake sa wani maganin daban na wannan cuta, kusan ko yaushe mutuwa ce, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi na musamman a kan haka a 2007. Maganin da ake yi wa irin wannan taka-tsantsan ba abin da za a kwatanta da ludayi ba ne.

Babban tsorona da jiƙo shi ne halin da jinin yaron yake ciki a yanzu. Garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ƙwarai, ganyen da aka shanya a tsakar gida kuwa ya sha ƙura da kashin kaji, kuma ƙwayar cutar da ba za ta yi wa ni da ke komai ba tana iya kwantar da shi cikin dare ɗaya. Na taɓa jinyar wata yarinya da iyayenta suke ba ta wani tsimi a ɓoye cikin gorar ruwa, gwajin hantarta ya lalace, likitoci suka ɗaga allurarta har mako biyu suna neman dalili, sai da uwar ta fashe da kuka ta fito da gorar daga ƙarƙashin gado. Ba mugunta ce ta sa su ba, soyayya ce da ruɗewa, amma makonni biyun nan cutar ce ta ci ribarsu.

Ki gaya wa likitansa maganar muƙamuƙin da bayan gidan a zagayen gobe, domin akwai maganin sassauta ciki da ake bayarwa tare da allurar, kuma idan ciwon ya tsananta ko kuka ga yana jan ƙafa ko abu yana suɓuce masa daga hannu, sukan rage adadin. Idan an sallame ku, duk lokacin da zafin jikinsa ya kai 38 ku dawo da shi nan take ko da tsakar dare ne. Sannan ku shirya zukatanku, domin wannan magani yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma yaran da muka fi rasawa su ne waɗanda suka murmure bayan watannin farko, iyaye suka ga sun koma wasa suka daina kawo su. Maganar kuɗi kuma ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku faɗi halin da kuke ciki ba tare da jin nauyi ba.

Jikan Mai Magani ya amsa:

Allah Ya ƙara sauƙi Hajiya. Ban saɓa wa shawarar da aka ba ki ba, yaron ya ci gaba da maganinsa, amma akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka zo irin wannan zance. Kakana ya yi shekara fiye da hamsin yana bayar da saiwa da sassaƙe, kuma ban taɓa jin ya ce yana maganin daji ba, hasali ma idan ya ga ƙari mai tauri da ba ya motsi a ƙarƙashin fata, cewa yake yi a tafi wurin masu fiɗa. Masu bidiyon nan ba magadansa ba ne, 'yan kasuwa ne. Duk da haka ina ganin ana tauye wa masu ilimin gargajiya haƙƙinsu, domin da tsofaffin Jamaika ba su riƙe wannan ganye a matsayin magani ba, babu abin da zai sa ya shiga ambulan ya tafi Kanada. Kamfanoni sun ci riba mai yawa da waɗannan allurai, Madagaska kuwa, inda tsiron ya fito, har yau tana cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. Sai a 1992 aka yi yarjejeniyar Rio wadda ta amince kowace ƙasa tana da iko a kan tsirranta, sannan a 2010 aka yi ta Nagoya a Japan a kan raba amfanin da aka samu daga irin wannan ilimi. Tambayata ga malamai ita ce, ina namu binciken ya kwana? Kullum muna jin an gano ganye kaza yana kashe sankara a jami'a kaza, amma ba mu taɓa ganin kwalba ɗaya ta iso asibiti ba.

Malamin Sinadaran Tsirrai ya amsa:

Ɗan'uwa, ƙorafinka yana kan hanya, kuma ni da nake wannan aiki na fi kowa jin zafinsa. Sai dai akwai wani abu a labarin da ya kamata mu riƙe da gaskiya, wato masu gargajiyar sun nuna tsiron ne saboda ciwon suga, maganin sankarar kuwa ya ɓullo ne ta wata kusurwa da ba su nufa ba, su ma masu binciken ba su nufa ba. Abin da ilimin gargajiya yake yi mana shi ne ya nuna tsiron da yake da ƙarfi a jikin mutum, kuma wannan babban aiki ne, domin yana rage mana lalube cikin dubban tsirrai. Amma ƙarfi yana iya zama waraka yana iya zama dafi. Zaƙami misali ne da kowa ya sani a ƙasar Hausa: a cikinsa akwai alkaloyid ɗin da likitoci suke amfani da irinsa wajen buɗe ƙwayar ido da ceto wanda ya sha maganin ƙwari, amma mun ga abin da yake yi wa samarin da aka zuba musu shi a kunun biki.

Game da labaran da kake ji daga jami'o'i, yawancinsu gwajin mataki na farko ne. Mukan jiƙa garin ganye a sinadarin tsamo, mu tace, mu ɗiga a kan ƙwayoyin sankara da ake renonsu a cikin ɗan faranti mai ramuka, bayan kwana biyu ko uku mu ƙirga waɗanda suka mutu. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin da ke cikin faranti, har da ruwan wanke tufafi. Tambayoyin masu wuya suna gaba: shin yana barin lafiyayyun ƙwayoyi, shin yana isa inda ƙarin yake kafin hanta ta rusa shi, kuma wane adadi ne mutum zai ɗauka bai mutu ba? Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta gwada tsame-tsame sama da 100,000 daga dubban tsirrai tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980, kuma waɗanda suka zama magani a ƙarshe ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Ɗaya daga cikinsu shi ne camptothecin, daga wata bishiyar ƙasar Sin, wanda Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana a 1966. Da aka gwada shi a jikin marasa lafiya sai ya riƙa sa mafitsara zubar da jini, aka jingine shi. Sai a 1985 aka gano ainihin inda yake kamawa a cikin ƙwayar halitta, aka gyara siffarsa, aka sami irinotecan da topotecan, waɗanda Amurka ta amince da su a 1996, shekara talatin cif bayan gano shi.

A nan yankinmu akwai wata saiwa mai launin rawaya da ake kira nibima a Gana, sunanta na kimiyya Cryptolepis sanguinolenta, wadda aka daɗe ana sha saboda zazzaɓin cizon sauro. Alkaloyid ɗinta, cryptolepine, yana kutsawa tsakanin zaren gadon ƙwayar halitta ya hana shi kwafar kansa, kuma a faranti yana kashe ƙwayoyin sankara iri-iri. Amma irin wannan kutse ba ya tambayar ƙwaya ko lafiyayya ce, kuma har yanzu babu wata hukuma da ta amince da shi a matsayin maganin sankara. Abin fata ne mai kyau, ya cancanci kuɗi da shekaru, amma ba zan ba ɗana shi a yau ba.

Cewa kuma ba mu taɓa kai kwalba asibiti ba, akwai misali ɗaya da nake alfahari da shi, ko da yake ba na sankara ba ne. Cibiyar binciken haɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta bi shi mataki-mataki har zuwa gwaji a jikin masu sikila, ya fito da sunan Niprisan, kuma an rubuta yarjejeniyar ba mai haɗin kasonsa. Hanyar ke nan, tsadarta da tsawonta ne suke karya mu. Shi kansa tsiron Madagaskan ba a gama da shi ba. A Faransa Pierre Potier ya sauya siffar sinadaransa ya samar da vinorelbine, wanda aka fara amfani da shi a 1989 don sankarar huhu, kuma a 2022 masu bincike a Denmak da Amurka sun yi wa yis ɗin burodi gyare-gyaren gado 56 har ya riƙa haɗa tubalan biyu da ake haɗa vinblastine da su, don a rage dogaro da gonaki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin vincristine yana cikin magungunan sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda take da yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya, kuma idan ya yanke a kasuwa yaranmu ne suke fara ji.

Hajiya, ki yi haƙuri mun ɗan faɗaɗa. Ga abin da zai taimaka miki wajen shawo kan dangi: masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi bayanan masu sankarar da ba ta bazu ba, waɗanda suka bar maganin asibiti suka koma ga na gargajiya da makamantansa kaɗai, suka tarar haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

Gwaggon Mara Lafiya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowannenku da alheri. Jiya da daddare na karanta wa mahaifinsa da kakarsa amsoshinku, kuma lissafin buhu arba'in ɗin nan ne ya fi shiga kunnen tsohuwar, ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce a kwashe ganyen daga kan tabarma. Ta roƙi a bar mata shukar da ke bakin rijiya, ta ce za ta riƙa ba ta ruwa tana yi wa yaron addu'a, muka ce babu laifi. Da safe na faɗa wa likita maganar muƙamuƙin, ya sa yaron ya taka a kan dugadugansa daga gado zuwa ƙofa, ya duba yatsunsa, ya rubuta masa maganin sassauta ciki, ya ce za a ci gaba da allurar yadda take. Ranar Alhamis za a ɗebi ɓargonsa don a ga inda aka kwana, ina roƙon ku sa shi a addu'a.